Shaidar da Muka Kai wa Gwaggo

Ana sallame asuba muka tashi daga Kano, ni da yayana, muka nufi Haɗeja. Ambaliyar bara ta shafe iyakar gonar shinkafar gwaggonmu, maƙwabcinta kuma ya ce ɓangaren bakin ruwa nasa ne. Mu muka buga mata waya muka ce kada ta wahalar da kanta neman shaida, muna tafe. A gidanmu idan za a yanka iyaka, yaro ake kaiwa wurin a ranƙwashe shi don kada ya manta, ni kuwa na san ni aka ranƙwasa.

A Jahun muka karya da ƙosai, ƙanana kamar an auna su da cokalin shayi. Daga Haɗeja muka hau babur har inda hanya ta ƙare, sannan kwalekwale. Ciyawar kacala ta cinye ruwan, mai jirgin yana tuƙi yana tsine mata. Ko ina ka duba mata ne ke shanya kifi.

Bulama, wato mai garin, ya tara mu a gonar da hantsi. Na miƙe da ƙarfin gwiwa na nuna tsamiyar da ke gabas, na ce a gindinta Baba ya ranƙwashe ni, har rigar da ke jikina na faɗa. Ban rufe baki ba Yaya ya ce a'a, shi aka ranƙwasa, kuma a gindin giginya ne, can yamma. Wallahi raina ya ɓaci. Muka tsaya muna musu a gaban mutane, kowa na rantsuwa. Maƙwabcin kuwa goronsa kawai yake ci.

Bulama ya ce shaidu biyu 'yan gida ɗaya sun saɓa, ba abin da zai kama. Ya raba wurin biyu, bakin ruwan ya faɗa hannun maƙwabcin.

Sai da Gwaggo ta rako mu bakin jirgi ta yi magana.

"Ranar ku biyun kuna kwance da ƙyanda. Yayarku mai rasuwa aka ranƙwasa. Na ɗauka ita ta nuna muku wurin."

Har muka iso Kano ina juya maganarta. Ashe labarin da Baba ya yi ta bayarwa ne kowannenmu ya ɗauka ya sa kansa a ciki, ya ƙara masa bishiya. Abin da na koyo shi ne mutum na iya rantsuwa da zuciya ɗaya a kan abin da bai taɓa gani ba. Abin da ke ƙona min rai, har yanzu ina ganin ranar tar a idona. Bana kuwa Gwaggo sai ta roƙi maƙwabcinta kafin ruwa ya shiga gonarta.