Rumbun Nea Gavril ya ƙi karɓar darasi

Shekara talatin da ɗaya Nea Gavril ya yi yana hawa turakun waya a tsaunukanmu, babu gidan da bai ci mamaliga, tuwon masararmu, da cuku a cikinsa ba. Da ya yi ritaya matarsa ta riga ta rasu, 'yarsa tana Italiya, sai ya ɗora wa kansa kwamfutocin makarantarmu ba tare da kowa ya sa shi ba. Ni ce malamar da ta rage, da ɗalibai goma sha ɗaya, kuma lissafin manyan aji ya fi ƙarfina, ba na ɓoyewa. Shi ya sa aka haɗa mu da wani kamfani a birni mai koyarwa ta bidiyo. Kowane yaro da kwamfutarsa, don darasin yakan tsaya ya yi tambaya, kowa ya amsa da sunansa.

Layinmu na intanet kuwa siriri ne. Mutum ɗaya ya kalla lafiya, biyu da lallami, amma goma sha ɗaya sai hoton malamin ya sandare baki buɗe. Sai Nea Gavril ya ajiye wata tsohuwar kwamfuta tsakanin layin da yaran: abin da na farko ya sauke ta adana, sauran goma su ɗiba a wurinta. Masana firoksi suke ce mata, shi kuwa rumbu. Shekara biyu muna cin moriyarta, har na fara yi wa malaman gari gori.

Da kaka ta shigo sai rumbu ya yi tsiya. Rubutu da hotuna yana adanawa, bidiyo kuwa ko ɗaya. Kowane yaro sai ya jawo nasa daga birni, awa guda ta ƙare ba a ga minti biyar ba. Floarea, uwar yara uku, ta tare ni a bakin coci ta ce ta ba mu zuwa ƙarshen wata, in ba a gyara ba motar asuba za ta riƙa kai 'ya'yanta makarantar gari. Ban ga laifinta ba, amma na ji haushinta, don in nata suka tafi takwas cif za mu rage, kuma ta san in muka gaza takwas rufe makarantar za a yi.

Nea Gavril bai yarda da allo ba. Sai ya buga bayanan rumbun a takarda, ya shimfiɗa a teburina, ya bi layi-layi da fensirin kafinta kamar mai tsince tsakuwa a wake. Da farko ya ce girma ne, an hana rumbun karɓar babban fayil. Ya ɗaga iyakar, shiru. Ya ce wuri ne ya cika, ya ciro faifan kwamfutar gidansa, mai hotunan matarsa, ya kwashe su ya saka shi, shiru. Ya zargi agogon na'urar, ya canza batir. Kullum da safe yana shigowa da sabon zargi, ni kuma ina yi masa kofi ina cewa yau kam sai mun ga bayanta, alhali ban san komai ba. Ranar da ya fara yi wa kwamfutar magana yana ce mata 'yar uwa, tausayinsa ya kama ni sosai.

A rana ta goma sha tara ya gano. Darasi ɗaya ne, amma adireshinsa yana zuwa wa kowane yaro da dogon jerin lambobi daban, ga kuma umarni a kansa cewa kada a adana. Rumbun lafiyarsa lau, abin da aka ce masa yake yi.

A gabana ya kira kamfanin. Wata yarinya mai ladabi ta ce da gangan suka yi, don kada a kwafi darussansu, ta ba shi shawara mu nemi layi mai sauri.

"'Yata," in ji shi, "layin nan ni na ja shi da hannuna, turke ɗari biyu da arba'in. Babu wani a bayansa."

Ta ce ta rubuta kokensa. Ya gode mata har sau biyu, ya ajiye wayar, ya tattara takardunsa.

Wasiƙa uku muka rubuta, ba amsa. Floarea ta cika alkawarinta. Bayan Kirsimeti wasu huɗu suka bi motar, sannan biyu, don ba mai barin ɗansa a makarantar da aka riga aka sa wa ranar rufewa.

Wata safiya a watan Maris, yaran biyu da suka rage suka kunna darasi, sai ga malamin yana magana tiryan-tiryan, ko sau ɗaya hoton bai sandare ba. Nea Gavril yana tsaye a bayansu da hularsa a hannu, ya kalla har ƙarshe.

"Malama Smaranda," ya ce mini a hankali, "kin gani? Yanzu layin ya ishe mu."