Safiyar da Memorin Sabarmu ya Ragu Rabi

Ƙarfe bakwai da kwata na safiyar Asabar, mu uku ne a ɗakin saba: ni, da 'yar wana wadda ta karanci kwamfuta, da mai gyaran esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, da na sa aka ɗauko a okada daga unguwar Borokiri ko karyawa bai yi ba. Saba ita ce babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin cibiyarmu ta koyon jarrabawa a unguwar Mayil Wan ta Fatakwal suka dogara da ita. Ni ba injiniya ba ne, sakandare na tsaya. Amma makulli a hannuna yake, kuma ina da tsari.

A cikin sabar akwai 'yan faranti biyu sirara da ake kira memori, kowanne giga sha shida. 'Yar wana ta saka wata manhaja mai gadi. Duk minti biyar sai ta leƙa ta ƙirga memorin da ke ciki. In ta tarar da talatin da biyu ta yi shiru, in ya gaza ta turo min saƙo a waya, in ya dawo daidai ma ta sanar da ni.

Ni kuwa sau ɗaya nake karanta saƙon waya a rana, bayan sallar asuba. Ran nan na buɗe na ga an ce memori sha shida ne. Nan take na jera abin. Na farko, faranti ɗaya ya fita. Na biyu, jiya bayan la'asar mai gyara ya yi rabin awa shi kaɗai a ɗakin. Na uku, farantin nan aljihun riga ma ya ishe shi. Na huɗu, in ya ƙi fito da shi sai gaban dattawan unguwa. Na kuma san in maganar ta kai can, babu Bahaushen da zai sake kiransa gyara a Mayil Wan. Shekara shida yana mana gyara.

Na ce, “Malam, fito da abin cikin mutunci, magana ta tsaya a ɗakin nan.”

Ya ce, “Wane abu, Alhaji? Esi na zo gyarawa, esi na gyara. Ga shi har kana rawar sanyi.”

'Yar wana tana ta danne-danne a kwamfuta. Can ta ce, “Baffa, ka karanta saƙon har ƙarshe?”

“Na karanta abin da ya kamata.”

“Akwai lokaci a ƙasansa. Manhajar tana rubuta kowace leƙawa. Jiya da safe talatin da biyu ne. Daga nan ta daina jin sabar kusan awa guda, an kashe ta ke nan. Da aka kunna, sha ɗaya da minti ashirin da biyar, sai sha shida. Wa ke ɗakin nan kafin sallar Juma'a?”

Ni ne. Duk wanda ya zauna a Fatakwal ya san baƙin hayaƙin nan da ke kwanciya a kan komai, har cikin hanci. Don haka duk Juma'a kafin masallaci nakan kashe saba, in buɗe murfi, in hura masa iska da injin bulowa, in bi da tsumma, in rufe, in kunna. Ban taɓa tsallake ko ɗaya ba, kuma babu wanda ya sa ni.

Ta kashe sabar ta ɗaga murfin. Ga farantin nan a mazauninsa, ya ɗan karkace, ɗan makullin da ke riƙe da shi ya buɗe. Tsummana ne ya ja shi. Ta danna shi ya ce ƙas, ta kunna, muka tsaya jiran minti biyar. Ban taɓa ganin minti biyar masu tsawon waɗannan ba. Wayata ta yi ƙara: talatin da biyu.

Mai gyara ya zazzage aljihunsa a kan tebur, sukudireba da goro rabi. Ya ce, “Alhaji, a duba, ko giga ɗaya ta maƙale a goron.”

Na nemi afuwarsa a gaban yarinyar, tunda a gabanta na tuhume shi. Ya ce ya yafe, amma sai da shayi da ƙwai uku, da kuɗin okadar komawa. Na biya. 'Yar wana kuma ta hana ni buɗe murfin in ba ta nan, ta bar min shara da goge tebur. Har yau shi ke mana gyara, kuma duk zuwansa sai ya ɗaga hannuwa sama a bakin ƙofa ya ce a caje shi.

Kai mai karatu, in kana da irin wannan manhaja, ina roƙonka abu biyu, kuma a jere. Ka karanta saƙon lokacin da ya shigo. Sannan ka duba ƙarfe nawa abin ya faru, ka tuna inda kai kanka kake a lokacin, kafin ka aika a ɗauko kowa a okada.