Mai Nonon da Ta Hana Nono

Wata rana motarmu ta tsaya a wata 'yar kasuwa a kan tsaunin Mambila, direba yana jiran inji ya huce.

A can, duk buhun dankali a ka ake hawo da shi daga gonakin cikin kwari. Da yawa cikin 'yan dakon da tramol suke wannan hawan. Kowa ya sani, kowa ya ja bakinsa.

Ina cikin shan fura a wurin wata dattijuwa mai nono, sai wani magidanci daga cikinsu ya dire buhunsa ya yanke jiki ya faɗi. Jiki na karkarwa, kumfa a baki.

Nan take aka yi caa a kan mai nono. Kun san mu, ko me mutum ya sha, nono ne magani. Ni ma, likitan dole, har da cewa a ɗura masa.

Dattijuwar nan ta rufe ƙwaryarta da faifai, ta kutsa cikin maza. Ta juya shi ya kwanta ta gefe, ta tura mayafinta ƙarƙashin kansa, ta hana kowa kai masa komai baki.

Wani mai shago ya ce, "Inna, ai ke kike ɗaure musu gindi. In sun sha, inuwarki suke zama."

Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ni na ce su zo, inda ido zai gan su. Nawa ɗan a ɗaki ya ɓuya ya sha. Da hannuna na ɗura masa nono, ya shaƙe. Mai rai ake yi wa faɗa, Malam. Matacce ba ya tuba."

Kunya ta rufe ni.

Motarmu ce ta kai magidancin asibiti, har lokacin yana numfashi.

Bayan wata biyu na sake bi ta wurin. Aka ce mutumin bai daina shan tramol gaba ɗaya ba, amma ya rage, yana zuwa ganin likita, rabin buhu yake ɗauka.

Na hango shi a inuwarta, kai a sunkuye, yana shan fura.

Ita kuwa tana ta zazzaga masa faɗa.

Wallahi matar nan ta burge ni.

Darasi: Ka fara ceton rai, wa'azi ya biyo baya. Kuma wanda ya suma, ba a ɗura masa komai. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti.

Ku tura wa 'yan'uwa. Wataƙila wata uwar tana riƙe da ƙwaryar nono yanzu haka.