Kawu Hamisu da Tukunyar Katsinawa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Hamisu, ƙanen mahaifiyata, malamin tarihi. Mai yiwuwa wasu abubuwan sun cuɗe mini a ka, amma ra'ayinsa ban manta ba.

Da na zo Makka karatu, gidansa na Misfala na sauka. A lokacin Hausawan unguwar kowa da zaman garinsu: Katsinawa daban, Kanawa daban, Damagarawa daban. In an yi rasuwa, mutanen garin mamacin ne ke dafa wa gidan makoki abinci. Babbar tukunyar Katsinawa a wurin Kawu take. Da aka kawo shawarar haɗe kowa ƙarƙashin shugaba ɗaya, na goyi baya. Na ce masa dauloli ne suka shimfiɗa hanyoyi, birane masu cin gashin kansu kuwa sai rigima da juna.

"Gaskiyarka, ya waladi, ɗana," in ji shi. "Amma sarkin birni yana jiyo kukan gidan da aka yi mutuwa, don ganuwa ɗaya ta kewaye su. Mai daula sai an aiko masa da labari. Makkar nan, zamanin da take tsakanin daulolin Rum da Farisa, wa ke shayar da alhazai? Gidajen garin, kowa ya san aikinsa."

Yau an rushe yawancin gidajen Misfala, mun warwatsu zuwa unguwannin Rusaifa da Tandabawi. 'Ya'yanmu sun fi sakewa da Larabci, wasu ba su taɓa ganin Katsina ba. Shawarar ta dawo, kuma ba zan ce ba ta da hujja ba. Ranar Juma'a za a yanke ko a miƙa tukunyar ga kwamitin kowa da kowa, an kuma ce ni zan faɗi abin da Kawu zai ce da yana raye.

Ina jin zai tambayi labarin Hajiya Ladi, tsohuwar da ta rasu a Rusaifa kwanan baya. An sanar a zauren hira na waya da ya haɗa mu duka, addu'o'i suka yi ta shigowa, kowa ya ɗauka wani ya ɗora girki. Gidan ya wuni ba abinci.

Don haka zan ce a haɗa kai a sauran al'amura, amma tukunya ta zauna hannun Katsinawa. Wanda ya zauna da Kawu, ya ga na ɗora masa abin da bai faɗa ba, don Allah ya gyara mini kafin Juma'a. Allah ya jiƙansa.