Yadda Na Kai Babana Bara Ban Sani Ba

Jiya da hantsi muna zaune a ƙofar gida a Kangire, sai ga Malam Sabo, aminin Baba, a kan babur tun daga Gwaram. Wai ya zo dubiya.

Baba ya ce, "Dubiyar wa?"

Malam Sabo ya miƙo masa waya. Hoton Baba ne a gona, ya ajiye fartanya ya dafe kai don gajiya. A ƙasa an rubuta wai ciwon ƙoda ya kama dattijon nan, 'ya'yansa sun yi watsi da shi, ga lambar asusu a taimaka.

Ni na ɗauki hoton. Da damina na tura shi wata gasar hoto da na gani a Facebook, ban ko binciki su waye ba. Yanzu shafin nasu ma ya ɓace.

Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Habibu, har na tsufa ban taɓa roƙon ko tiyar gero ba. Yau kai ka kai ni bara?"

Tun jiyan bai fita masallaci ba. Jama'a, don Allah, ta ina ake goge irin wannan?