Gaisuwar da Na Aika wa Kaka Daga Ƙolin Dutse

A duk benayen Minguettes, unguwarmu da ke gefen Lyon, daga ƙasa har hawan ƙarshe, ba a taɓa haihuwar yaro mai kai irin nawa ba. Ni na faɗa, kuma Baba ma ya yarda, har zuwa wata Asabar ta farkon bakansi, wato dogon hutun makaranta, ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Ranar muka cika tsohuwar motarsa da kulolin shinkafar Inna, muka ɗauki Kawu Isiyaka, ƙanen Baba, wanda ya zo daga Maraɗi sarin kaya a Aubervilliers ya biyo Lyon ganinmu, muka nufi duwatsun Chamonix ina ta tsalle a kujerar baya.

A zamanin, kaset ake aikawa gida. A wanda ya zo mana na ƙarshe Kaka ta ce wai jikanta na ƙasar Nasara bakinsa ya karye. Sai Kawu ya yi alkawari: in na gaida mutanen gidan kakaf da Hausa a kaset, daga babba zuwa ƙarami, ba tuntuɓe, zai kai ni Maraɗi bakansi mai zuwa. Ni da ban taɓa shiga jirgi ba! Na haddace gaisuwar nan ina wanke kwanoni, ina sauke shara, ina hawan matakala in asansar, na'urar hawa bene, ta lalace, kai, har ina tsaron raga a filin ajiye motoci ina gaida gwaggonni ƙwallo na wuce ni. Baba kuwa, da son burgewa, ya ce ba a falo za a ɗauka ba, sai a ƙolin dutse, mutanen Maraɗi su san inda muka taka.

Muka shiga telefirik, wani akwati mai rataye a igiyar ƙarfe, ya yi sama da mu. Gidaje suka koma kamar ƙwayar gero, Kawu ya damƙe rediyo da hannu ɗaya, carbi da ɗayan. Muna isa na ruga kan matakala da gudu, ga ƙanƙara fara fat a tsakiyar zafi! Wata tsohuwar Baturiya ta ce in bi a hankali, na yi mata dariya. Zuciyata ta kama kiɗan kalangu, kaina ya yi sakayau, komai na duniya ya zama abin dariya. Kawu ya danna jan maɓalli ya ce, "Bismilla, ɗan Turai."

Da la'asar sakaliya na ce wa Kaka ina kwana. Na gaida Gwaggo Rabi, na zaga na dawo na sake gaida ta, na kuma. Na tambayi lafiyar kakana, wanda ya rasu tun ba a haife ni ba, na yi masa fatan yawan rai. Na aika da gaisuwa ta musamman ga ragon da aka yi layya da shi bara. Abin al'ajabi, a raina ji nake ban taɓa zuba Hausa mai daɗin ta ranar ba, har ina kallon Baba ina jiran tafi. Shi kuwa ya rufe fuska da hula.

"Isiyaka, a goge wannan," in ji Baba.

"Haba Yaya, a goge? Ko gwamna ya roƙe ni!"

Da kaset ɗin ya isa Maraɗi, an ce unguwa guda ta taru sauraro. Kaka ta aiko cewa a kawo mata yaron maza, aljanun dutse sun taɓa shi. Haka na samu jirgina, na je Maraɗi na sha rubutu har na yi tumbi.

Yanzu 'ya'yana suna aika saƙon murya, in sun yi tuntuɓe su goge su sake. Ba ruwansu da kunyar da muka ji, amma fa ba wanda ke taruwa don jin muryarsu. Kaka ta rasu da kaset ɗin a ƙarƙashin matashinta.

Kwanaki na kira Kawu, tsufa ya kama shi amma bakin na nan. Na yi masa bayani dalla-dalla, yadda wani likita ya faɗa mini: can sama iska ba ta da kauri, abin da ƙwaƙwalwa ke samu ba ya isarta, sai mutum ya riƙa shirme yana jin shi gwani ne. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To ɗana, ga ka a ƙasa shekara da shekaru, iska ta wadace ka. Har yau ina jiran in ji bambanci."