Kaset ɗin da bai riski motar ba

Ni ne na yi laifi, kuma na daɗe da sanin haka.

A shekarun tamanin ina aiki a wata masana'anta a Saint-Fons, kusa da Lyon. Ɗaki ɗaya muke kwana da wani Ba'indiye, dattijo, wanda ya girme ni da nisa. Ba ya jin Hausa, ni ma ba na jin yarensu, sai ɗan guntun Faransanci da muke lallaɓawa da shi. Ya taɓa jin 'yan garinmu da suka kawo mini ziyara suna ce mini Malam, shi ma ya kama. Ni kuma ina ce masa Baba.

Ranar Lahadi ba mu da wurin zuwa. Sai ya dafa shayi mai madara, ya ɗauko takarda ya zana mini ƙauyensu. Gidajen kaɗan ne, yana iya lissafa mutanen ciki ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka tafi birni ba su dawo ba. Tashar jirgin ƙasa tana da nisa. Daga can mota ɗaya ce ke shiga, ranar kasuwa kawai. Idan damina ta sauka, kogi ya cika, motar takan daina zuwa sai ruwa ya janye.

Nakan yi masa dariya. "Baba, wannan ai ba gari ba ne, zango ne."

"Malam, naku garin ma ba a ganinsa a taswirar Bature," yakan ce.

Wata rana na shirya zuwa Paris. Ya ba ni kaset da ya ɗauki muryarsa a ciki, don mahaifiyarsa ba ta karatu, kuma ba ta da lafiya. Akwai wani ɗan yankinsu a unguwar Belleville ta Paris da zai tashi gida ranar Asabar da rana. Shi zai kai kaset ɗin hannu da hannu kafin hanya ta yanke.

"Da safe, Malam. Kada ka bari rana ta yi."

Na ce ya kwantar da hankalinsa.

Da na fito daga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a Belleville sai na ji ana Hausa a ƙofar wani kanti. 'Yan kasuwa ne daga Maraɗi. Na yi wata da watanni ban ji gaisuwa cikakkiya ba. Aka tambaye ni gida, aka tambayi gajiya, wani Alhaji ya ja ni ciki aka kawo tuwo. Na zauna. Na san da kaset a jakata, amma na ce bari a ƙare wannan hira. Sai bayan la'asar na isa gidan mutumin. Ya tafi.

Ban damu ƙwarai ba. A wurinmu saƙo ba ya rasa mota, in ka je tasha kullum akwai direban da zai karɓa. Na kai kaset ɗin gidan waya, na kwafi adireshin da ke jikinsa. Da na koma Lyon na ce wa Baba na ba mutumin a hannunsa.

Bayan watanni wasiƙar ƙaninsa ta zo. Tsohuwar ta rasu a tsakiyar damina. Kaset ɗin ya shigo da motar farko bayan janyewar ruwa, cikin buhun wasiƙu, da hatimin gidan waya na Paris a kansa.

Baba ne ya karanta mini wannan da bakinsa, a hankali, yana fassarawa da Faransanci. Bai tambaye ni komai ba. Lahadi ta zo ya dafa shayi, ya zuba mini nawa kamar kullum, amma bai sake ɗauko takardar zane ba. Mako uku ina shan shayin nan ina kallon taga.

A Lahadi ta huɗu na ajiye kofin ban sha ba.

Na ce, "Baba, ban kai da safe ba. Na ji Hausa na zauna cin tuwo, mutumin ya tafi. Ka faɗa mini motar ɗaya ce, na yi dariya. Sannan na yi maka ƙarya. Ni na hana mahaifiyarka jin muryarka. Don Allah ka yafe mini."